Waya Ashirin da Ɗaya a Kan Sukumaran

Shekara talatin da huɗu Sosamma ta yi tana manna wayoyi a kawunan mutane a asibitin mishan na kan tudu, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ta yi ƙorafi a kan nisan gida ko yawan aiki ba. Ƙorafinta ɗaya ne, man kwakwa. A ƙasarmu ta Kerala, can kudancin Indiya, ba a haifi uwar da za ta ga kan ɗanta a bushe ta iya runtsawa ba. Ita kuwa na'urar da Sosamma ke aiki da ita, wadda ke sauraron motsin ƙwaƙwalwa ta cikin fatar kai, ba ta jin komai in akwai maiƙo. A ƙofar ɗakinta akwai allo da ta rubuta da hannunta cikin harsuna uku, cewa a wanke kai da sabulu, kada a shafa mai. Mutane sukan tsaya su karanta shi a tsanake, su gyaɗa kai, sannan su shigo mai yana naso ta bayan kunnuwansu.

'Yar mai tsaga itacen roba ce, ta biyar cikin 'ya'ya bakwai. Abin da ya fitar da ita daga gonar roba bai wuce iya jan layi ba. A makarantar mishan ta 'yan mata ita ake ba allo ta ja masa layuka ranar jarrabawa, domin layinta ba ya karkacewa ko babu rula. Da ta gama, shugabar makaranta ta aika ta wurin Mis Ogilbi, ta ƙarshe cikin Turawan mishan da suka rage a asibitin, wata doguwar tsohuwa mai ciwon gwiwa wadda ta fi shekara arba'in a garin amma har ta koma ƙasarsu ba ta iya cin barkono ba. Ita ta koya wa Sosamma auna kai da tef, daga karan hanci zuwa ƙeya, daga kunne zuwa kunne, a ɗiga jan fensir wuri ashirin da ɗaya, a goge kowane wuri, a manna waya. Na'urar wancan zamanin ta kai girman kabad. Alƙalamai takwas gare ta, suna karce wata doguwar takarda mai ninki, kuma wanda ya saba yakan gane farfaɗiya ta taso tun daga ƙarar alƙalaman kafin ya duba takardar. Kowace Juma'a Sosamma ke wanke bakin alƙalaman da ruwan ɗumi. Yatsunta ba su rabu da shuɗin tawada ba sai da aka kawo kwamfuta. Ranar da aka fitar da tsohuwar na'urar aka jingine ta a bayan ɗakin wanki, Sosamma ta mayar da abincin ranarta gida ba ta buɗe ba.

Ta auri Ipen, kwandastan bas, suka haifi 'ya'ya biyu, dukansu yanzu suna aikin jinya a ƙasashen Larabawa. Kowa a asibitin, har likitocin da suka fi ta matsayi, Ceci yake ce mata, wato Yaya. Gajeriya ce, kullum cikin farin zanen sari mai sitati, da baƙar lema a hammata da kwanon abinci mai hawa uku, shinkafa a ƙasa, rogo a tsakiya, miyar kifi a sama. Ba a cika rububin zama kusa da ita a ɗakin shan shayi ba, domin in ka ce ka iso ƙarfe goma sai ta tuna maka goma da minti bakwai ne.

A daminar shekarar da za ta yi ritaya aka kawo Sukumaran. Mai hawan kwakwa ne, ɗan shekara arba'in da tara, daga wani ƙauye da ke ƙetaren ruwa. Ya hau itace da safe bayan an sha ruwan sama, ƙafarsa ta zame daga can kusa da ganye, kansa ya bugi dutsen wanki. Aka yi masa aiki, ya rayu. Bayan kwana goma sha ɗaya ya buɗe ido, daga nan kuma bai ƙara komai ba. Yana numfashi da kansa, ana ba shi kunu ta tiyo a hanci, idanunsa suna yawo a rufin ɗaki, amma ko a kira shi ko a matse masa yatsa, babu abin da za a ce amsa ce. Mako bakwai ke nan yana gado na goma sha huɗu a ɗakin maza. Mutum biyu ke jinyarsa, mahaifiyarsa Kalyani, tsohuwa mai ƙarfin murya, da matarsa Tankamani, wadda za a iya wuni a ɗakin ba a ji bakinta ba.

Asibiti ba ya riƙe gado har abada. An riga an gaya musu ranar Asabar za a yanke. Idan akwai alamar yana jin abin da ake faɗa, zai sami wuri a sashen masu koyon motsi, inda ake miƙa wa mutum gaɓoɓi kullum ana koya masa zama da haɗiya. Idan babu, za a sa shi a kwalekwale da tiyonsa a mayar da shi gida. Kowa ya san yadda irin wannan komawar ke ƙarewa: gyambon kwanciya, sai ciwon ƙirji, kuma da wuya mutum ya ga ƙarshen damina.

Wanda zai faɗi ko akwai alama shi ne Likita Ninan, wani matashi mai saurin tafiya da bai daɗe da dawowa daga ƙarin karatu ba. Ya zo da sabon gwaji. Za a manna wayoyi kamar kullum, a sa wa maras lafiya abin sauraro a kunne, murya ta ce masa ya yi ta dunƙule hannun dama yana buɗewa, can kuma ta ce ya daina. Hannun ba sai ya motsa ba. In mutum yana ciki, ya ji, ya yi ƙoƙari, ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke kula da hannu zai canza motsi, kwamfuta kuwa ta gwada lokacin da aka ce ya yi da lokacin da aka ce ya daina. Sosamma ta yaba da dabarar. Abin da bai kwanta mata ba shi ne kwamfutar ce ke ba da amsa da kanta, ba wanda ke duba layukan.

Da safe na'urar ta masu farfaɗiya ce da ke zuwa daga waje, saboda haka aka sa gwajin ranar Litinin ƙarfe biyu na rana. Sosamma ta gangaro da na'urar a kan kekenta, ta ɗaga kan Sukumaran, ta duba tafin hannunta. Yana ƙyalli.

"Iya, me na ce miki ranar Asabar?"

"Kin ce a wanke masa kai," in ji Kalyani. "Na wanke."

"To wannan fa?"

"Wa ke wanke kai ya bar shi haka nan? So kike sanyi ya shige shi, ga abin da yake fama da shi?"

"Na ce kada a shafa mai. Sau uku na faɗa, har na sa ki maimaita."

"Ai wannan ba mai ba ne, magani ne. Mai maganin ƙauyenmu ya dafa shi kwana bakwai da saiwa goma sha takwas. Shinshina ki ji."

"Tun daga bakin ƙofa na ji."

Ta wanke kan da sabulu sau biyu, amma man ya riga ya bi fata ya zauna. Ta manna waya, ta zame. Ta sake mannawa, layukan da suka fito a allo suka yi kauri suna rawa, ba abin da za a karanta. Ƙarfe uku da rabi Likita Ninan ya duba agogo ya ce sai Laraba, ya wuce. Sosamma ta naɗe wayoyinta ɗaya bayan ɗaya tana goge kowace da auduga, ba ta dubi kowa ba. Da ta gama ta juya ga tsohuwar.

"Iya, ki ji ni da kyau. In na zo Laraba na tarar da ɗigon mai a kan nan, wanzami zan kira ya aske shi tas."

Kalyani ta dafe ƙirji. "A aske masa kai yana raye, uwarsa ma tana raye? Mu sai an yi mutuwa muke aske kai. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Shi ya sa nake roƙonki."

Ranar Laraba, ƙarfe biyu na rana, kan a bushe yake. Kalyani ta zauna a kan tabarmarta ta juya musu baya, tana gaya wa matar mai gado na kusa yadda 'yan mishan ba su san darajar kan mutum ba. Wayoyi ashirin da ɗaya suka zauna daram. Aka sa wa Sukumaran abin sauraro, murya ta yi masa magana jeri uku, kowane jeri sau shida. Hannunsa yana kan zanen gado, yatsu a lanƙwashe, da kantar igiya a tafin. Bai motsa ba, dama ba a sa ran zai motsa ba. Kwamfuta ta yi lissafinta. Likita Ninan ya daɗe yana kallon allon.

"Babu," ya ce a hankali. "Ko sau ɗaya ƙwaƙwalwar ba ta bambanta yi da dainawa ba." Ya ciro biro daga aljihu.

"Likita, dakata. Buɗe mini layukan."

"Ceci, kwamfutar ta riga ta lissafa."

"Na ji ta lissafa. Ni layukan nake son gani."

Ya buɗe mata, yana ɗan buga biro a gefen keken. Sosamma ta sa tabarau ta matso. Ta bi shafi ɗaya, ta bi na biyu, a na uku ta ɗora yatsa a kan allon, abin da ita kanta ta hana kowa yi.

"Dubi nan. Da nan. Ka ga yadda layin ke kumbura a tsakiya ya tsuke a baki biyu, kamar zare a jikin mazari? Ga wani. Ga wani kuma. Mutumin nan barci yake yi."

"Idonsa a buɗe yake."

"Rabi. Ipen ma haka yake barci a coci, ido rabi a buɗe, har Fada yana yaba masa natsuwa."

Likita ya sunkuya ya duba. Ya san abin, ya karanta shi a littafi, sai dai bai yi shekaru yana ganinsa yana fita daga bakin alƙalami ba. 

"In je in tsaya a kanka ƙarfe ukun asuba in ce ka dunƙule hannu," in ji Sosamma, "in ba ka yi ba sai in rubuta babu kowa a ciki?"

"Na ji, Ceci. Amma me zai sa shi barci mai nauyi haka? Duk maganin da ke sa barci na cire masa tun makon jiya, saboda wannan gwajin."

Sosamma ta cire tabarau ta juya ta dubi matan biyu. Kalyani ta ɗaga kai tana nazarin fanka. Tankamani ta sunkuyar da nata. Sosamma ba ta tambayi kowa ba, ta buɗe ƙaramar lokar da ke gefen gado. A bayan nonon ayaba da ɗan hoton abin bautarsu akwai kwalba, an toshe bakinta da tsumma, da wani baƙin ruwa a ciki ya kai rabi.

"Cokali biyu kacal," in ji Kalyani tun ba a tambaye ta ba. "Bayan kunun rana, ta tiyo. Mai magani ya ce yana kwantar da ƙwaƙwalwa ta huta, ta warke."

"Ya kwantar da ita kuwa."

"Tun yaushe?" in ji likita.

"Tun da ya buɗe ido. Ku kun ba shi naku bai tashi ba, ni na hana ku?"

Likita Ninan ya rufe ido ya shafa goshi. Sosamma ta juya ga Tankamani ta sassauta murya.

"Ƙanwata, da yana lafiya ƙarfe nawa yake tashi?"

"Huɗu." Sai da Sosamma ta matso kafin ta ji. "Ya sha baƙin shayi ya fita. Kafin rana ta yi zafi ya hau itace arba'in. In ya ci abincin rana kuwa, ko gobara ake ba ya tashi."

"Shekara nawa yana haka?"

"Tun kafin a kawo ni gidan."

"Ka ji, Likita. Mutum ya shekara talatin yana barci ƙarfe biyu, an ƙara masa da jiƙo, mu kuma muka zaɓi ƙarfe biyun muka zo yi masa jarrabawa. A sake. Juma'a, ƙarfe shida na safe."

"Ɗakin na'ura ba ya buɗewa sai tara."

"Zai buɗe."

"Ni kuma ina da zagayen ɗakuna ƙarfe bakwai."

"Shi ya sa na ce shida."

Ya dube ta, ya dubi biron da ke hannunsa, ya mayar da shi aljihu. Sosamma ta sa kwalbar a jakarta. Kalyani ta bi ta har bakin ƙofa tana cewa a mayar mata da kayanta, ba da kuɗin asibiti aka saya ba, wadda ba ta taɓa haihuwar namiji ba ce kaɗai za ta yi haka. Sosamma tana da ɗa namiji, amma ba ta tsaya gyara mata ba, kuma waɗanda suka san ta sun san ba ƙaramin haƙuri ta yi ba.

Ranar Alhamis ta ƙare a yawon neman makulli. Mai kula da kaya ya ce ba a fitar da makullin ɗakin na'ura ya kwana a waje sai da takarda. Takardar tana buƙatar sa hannu uku. Babbar nas ta sa nata ba musu. Likita Ninan ya sa nasa a tsaye a kan matakala. Na ukun na ma'ajin asibiti ne, shi kuwa ya tafi bikin baftismar jikansa, sai bayan ƙarfe huɗu ya dawo, ya karanta takardar sau biyu ya tambaya ko ba za a iya tashin maras lafiyar ba ne kawai.

"Ranka ya daɗe, da ana iya tashinsa ai da ba mu nan."

Ya sa hannu. Da ta koma, mai kula da kaya ya rufe ofis ya tafi shan shayi. Ta same shi a rumfar da ke bakin ƙofar asibiti, ta tsaya a kansa da lemarta har ya shanye, ya taso yana gunaguni cewa tun zamanin Baturiya Mis Ogilbi ba a taɓa yin haka ba.

"Zamanin Baturiya makullin a wuyana yake kwana," in ji ta.

Saura bas. Na farko daga ƙauyensu ba ya isowa gari sai bakwai da rabi. Da ta gaya wa Ipen zai kai ta a tsohon babur ɗinsa ƙarfe biyar, ya ajiye jarida ya ce shi ya yi ritaya daga ɗaukar fasinja.

"Wata ɗaya ya rage miki a wurin nan. Ba za ki bar wa yaran zamani su yi abinsu ba?"

"Yaran zamani sun kusa sa mutum a kwalekwale don ya yi barcin rana."

"To in babur ɗin ya ƙi tashi fa?"

"Sai ka tura, ina zaune a kai."

Juma'a ƙarfe shida saura kwata ta shiga ɗakin maza, gefen sarinta a jiƙe. Ana yayyafi, gari bai gama wayewa ba. Abu na farko da ta yi shi ne ta shafa kan Sukumaran ta shinshina hannunta. Sabulu kawai. Tankamani tana tsaye a gefe, ga alama a kan kujerar da ke gaban lokar ta kwana. Idanun Sukumaran a buɗe suke sosai, ba kamar na ranar Laraba ba. Sosamma ta auna, ta ɗiga jan fensir, ta goge, ta manna. Ta kashe fanka, mai gado na kusa ya fara mita, ta dube shi ya yi shiru. Ta karɓe wayar hannun kowa ta ajiye a kan taga. Kalyani ta zauna a ƙarshen gado ta kama babban yatsan ƙafar ɗanta tana addu'a tana jijjiga shi.

"Iya, saki ƙafar."

"Yanzu addu'ar ma an hana?"

"Ba a hana ba. Ki yi ta daga bakin ƙofa, za ta iso."

Likita Ninan ya shigo shida da minti huɗu, gashinsa a jiƙe. Sosamma ta duba agogo, ta haɗiye abin da ya zo mata baki. Ya buɗe layukan da kansa wannan karon, ya duba, ya gyaɗa mata kai. A farke yake. Aka sa abin sauraro. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a kan kwano da wata siririyar murya da ke fitowa daga kunnen Sukumaran tana ce masa ya dunƙule, ya buɗe, ya ci gaba, ya daina. Hannun yana nan inda yake. Sosamma ta san ba a ganin wannan abu da ido, duk da haka ba ta ɗauke kai daga allon ba. Jeri na farko ya wuce. Na biyu ya wuce. Ana tsakiyar na uku ta ga layin ya fara kumbura a tsakiya yana tsukewa a baki.

"Haba Sukumaran," ta ce a ƙasan maƙoshi. "Minti huɗu ya rage. Itace arba'in kake hawa, minti huɗu ya gagare ka?"

Ya yi barcinsa. Kwamfuta ta ɗauki lokacinta, sannan ta fitar da amsa. Likita ya karanta, ya sake karantawa.

"Na farko ya fito sarai. Duk lokacin da aka ce ya dunƙule, gefen hagu na ƙwaƙwalwar ya canza, aka ce ya daina, ya koma. Na biyu akwai, amma da rauni, yana kan iyaka. Na uku kin gani."

"Ƙa'idar fa?"

"Biyu cikin uku. Mu kuma muna da ɗaya da rabi."

"A ina ake ba da rabin amsa? Ko ya ji ko bai ji ba."

"To ke ki faɗa mini, Ceci. Za ki rantse ya ji? Sau ɗaya kan iya zama dace. Kwamfutar takan yi kuskure, shi ya sa aka ce biyu."

Sosamma ta sake duba allon. Ba za ta rantse ba. Ba ta taɓa sa hannu a kan abin da ba ta tabbatar ba, kuma ba za ta fara saura wata ɗaya ba. Haushin ya rasa inda zai sauka, ga tsohuwa a bakin ƙofa, ga kwamfuta, ga shi kansa mai barcin da ya kasa daurewa.

"Ba zan rantse ya ji ba," ta ce. "Kai za ka rantse bai ji ba?"

Likita Ninan ya ciro biro. Ya ɗora takardar a kan keken na'ura ya yi rubutu yana faɗa a fili don ta ji: an ga alama, ba ta kai yadda ƙa'ida ta nema ba, gwajin Laraba ba ya cikin lissafi, a sake sau biyu, ƙarfe shida na safe, ba tare da wani jiƙo ba, kada a sallame shi kafin mako biyu. Ya sa hannu.

"Wurin koyon motsi ba zan iya ba shi da wannan ba. Gadon nan ma sai na yi faɗa da shugaban ɗaki, yana da mutum uku a kan tabarma suna jira."

"Ka yi faɗan. Kana da ƙuruciya."

"Ke kuma sai ki sake neman makulli sau biyu."

"Na san inda yake shan shayi."

Ya tafi zagayensa. Kalyani ta fita tana sanar da duk wanda ta gamu da shi a baranda cewa ba za a kai ɗanta gida gobe ba. Sosamma ta fara cire wayoyi tana goge mannen da ruwan ɗumi. Tana kan ta goma sha biyu ta ji an taɓa mata hannu. Tankamani ce.

"Ceci, yana ji?"

"Ban sani ba, ƙanwata. Abin da na sani, da safen nan an ce ya dunƙule hannu, wani abu a cikin kan nan ya yi ƙoƙarin dunƙulewa. Sau shida a jere. Ko yana jin komai, ko kullum yake ji, wannan ban sani ba."

Tankamani ta dubi mijinta. "Mako bakwai ban yi masa magana ba. Ina goge shi, ina juya shi, amma ban ce masa komai ba. Na ɗauka ya tafi, jikin kawai aka bar mini. Kunya nake ji in yi ta surutu da jiki a gaban mutane."

Sosamma ta ci gaba da cire wayoyi. Da ta cire ta ƙarshe, Tankamani ta tambaye ta ƙarfe nawa ya fi zama a farke. Ta ce daga biyar zuwa bakwai, bisa ga abin da ta gani, amma yanzu ya yi barci.

"Zai tashi," in ji Tankamani. Ta kama koren labulen da ke kewaye gadon ta ja shi. Daidai nan Kalyani ta dawo za ta kutsa, sai matar ɗanta ta tare ta da hannu. "Iya, ki ɗan jira a waje. Ina da magana da shi."

Tsohuwar ta tsaya baki buɗe, ta dubi Sosamma kamar ita za ta raba gardamar. Sosamma ta kunna fanka, ta mayar wa kowa wayarsa, ta kama keken na'ura ta fara turawa. Tana kaiwa gado na goma ta jiyo muryar Tankamani daga bayan labule, ba ƙasa ƙasa ba kuma.

"Baban yara, buɗe idonka, na san kana ji. Wa ya aike ka hawa itace ranar nan? Ban ce maka a jiƙe yake ba? Sau nawa na faɗa?"

Masu jinya suka ɗago kai daga tabarminsu. Sosamma ta duba agogo. Bakwai saura minti takwas, kuma masu farfaɗiya za su fara layi ƙarfe tara.